Ciwon da ke Zaune Tsakanin Kafaɗu

Ya mai karatu, ka kai hannunka na dama bisa kafaɗarka ta hagu, ka gangara da yatsu baya kaɗan, ka danna. Idan ka tarar da wani wuri mai tauri kamar ƙululu, ka kuwa ji zafinsa ya hau har ƙeya, to, wannan darasi naka ne. Mutane da yawa suna ɗauke da wannan ciwo shekara da shekaru. Da safe sukan tashi da dama-dama. Kafin azahar ya soma ci kamar garwashi tsakanin allunan kafaɗa. Da dare sai a kira yaro ya zo ya taka baya. Kashegari a koma wurin aiki, ciwon kuma ya komo mazauninsa.

Tela ya san shi. Mai ɗinkin hula ya san shi, haka baduku na Damagaram wanda ya ke wuni a duƙe bisa fata. Mai kitso ta san shi, da mai matsar man gyaɗa, da mai dashen albasa a fadamun Galmi. Ɗan kabu-kabu ya san shi. A kwanakin nan har ma'aikacin biro da ke zaune gaban kwamfuta, da yaron lekol wanda ba ya ɗaga kai daga salula, sun shiga sahu. Likitoci sukan ce ciwo ya zama daɗaɗɗe idan ya wuce wata 3 bai rabu da mutum ba. Irin wannan ne za mu duba.

Kada ka ce ƙaramin abu ne, gama bayan talaka shi ne jarinsa. Telan da ya kasa zama bisa keke gab da salla ya rasa cinikin da zai ci da gidansa wata da watanni. Na ga magidanci ya sayar da akuya domin allurai, ciwon ya lafa kwana 4 ya dawo. Na ga saurayi kuma wanda ya fara da ƙwaya guda domin ya ƙarasa aikin yini, yau ƙwayar ce ta ke juya shi.

Mece ce sana'arka?

A shekara ta 1700 wani likita na ƙasar Italiya, sunansa Bernardino Ramazzini, ya buga littafi bisa cututtukan masu sana'a. Bai zauna a ɗaki yana jiran marasa lafiya ba, ya bi su har wurin aikinsu ya duba da idonsa. Ya lura teloli da masu ɗinkin takalma, waɗanda su ke aiki a zaune a sunkuye, bayansu yakan tanƙware. Daga baya ya ƙara da marubuta, masu wuni da alƙalami a hannu. Ya kuwa gargaɗi likitoci cewa, bayan tambayoyin da suka saba yi wa majiyyaci, su ƙara guda, watau su tambaye shi irin aikin da ya ke yi.

Yau shekara fiye da 300 ke nan, tambayar ba ta tsufa ba. Kafin ka tambayi kanka wane magani za ka sha, ka tambayi kanka yadda ka ke wuni. Ina kanka ya ke sa'ad da ka ke aiki? Ina hannuwanka su ke? Awa nawa ka ke yi ba ka tashi ba?

Yadda aka gina bayanka

Ƙashin baya ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne da aka jera bisa juna: 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a ƙugu, daga nan sai waɗanda suka haɗe da juna a can ƙasa. Tsakanin kowane biyu akwai wani abu mai taushi kamar gammo, domin kada su goga juna. Ta tsakiyarsu kuma laka ta ke bi, mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu.

Ƙasusuwan nan 12 na gadon baya su ne su ke riƙe da haƙarƙari, 12 a dama, 12 a hagu. Domin wannan wurin yana da ƙarfi ƙwarai, ba safai gammonsa ya ke gocewa ba kamar na wuya ko na ƙugu. Ka riƙe wannan a zuciyarka, gama mutane da yawa suna tsammani ƙashinsu ne ya lalace, alhali ƙashin yana nan lafiya lau.

Allon kafaɗa kuwa dabam ya ke. Ba a ɗaure shi da ƙashin baya da gaɓa ba. Ƙashi guda kaɗai ya haɗa shi da sauran jiki, wanda ke gicciye a gindin wuya ta gaba. Sauran duka tsoka ce ta ke riƙe da shi, kamar rumfar da igiyoyi su ke riƙe da ita. Kowane lokaci ka miƙa hannu gaba, ko domin allura, ko taɓarya, ko kan babur, igiyoyin nan suna ja. Yawancin ciwon tsakanin kafaɗu a cikinsu ya ke, da ƴan gaɓoɓin da ke kusa da su.

Nauyin kai

Kan babban mutum ya kai kimanin kilo 5, watau kusan tiya 2 na hatsi. Sa'ad da kai ya ke zaune daidai bisa kafaɗu, ƙashi ne ya ke ɗauke da shi, tsoka ba ta shan wahala. Amma da zarar ka turo shi gaba, tilas tsokar ƙeya da ta kafaɗu su riƙe shi kada ya faɗi. A shekara ta 2014 wani likitan ƙashin baya na Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafin wannan. Bisa ga lissafinsa, idan kai ya ɗan sunkuya kaɗan, wuya yana jin nauyin kilo 12. Idan ya sunkuya sosai, yadda mai duban salula a cinya ya ke yi, nauyin ya kai kilo 27. Wannan ya fi bido mai lita 25 cike da ruwa. Lissafi ne aka yi, ba a auna a jikin mutum ba, amma kana iya gwada gaskiyar maganar da kanka.

Ɗauki kwalba guda ta ruwa. Rungume ta a ƙirji, za ka iya wuni da ita. Yanzu miƙe hannunka gaba da ita, ka tsaya haka. Kafin minti 3 kafaɗarka ta soma zafi. Kwalbar ba ta ƙara nauyi ba. Nisa ne ya ƙaru, da daɗewa.

Ga dalili. Tsoka tana son ta matse ta saki, ta matse ta saki, da haka jini ya ke shiga ya fita cikinta. Idan ta matse ta tsaya haka awa 2 ko 3, jini ba ya gudana yadda ya kamata, sai ta gaji, ta sanƙare, ta soma zogi. Wannan ita ce hanya ta fari. Ta biyu ita ce maimaita motsi guda sau ɗari bisa ɗari ba hutu, kamar daka, ko jan guga, ko sassabe. Tsokoki kaɗan su ke yin aikin duka, sauran suna zaune. Yau da gobe, masu aikin su gaji, mazaunan su yi rauni.

A nan sai in tsaya in gyara wani abu da aka koya mana. A lekol an ce mu zauna ƙyam kamar soja, mushe yana zagayawa da bulala, wanda ya ranƙwafa ya sha. Binciken likitoci na shekarun nan ya nuna maganar ba haka ta tsaya ba. Akwai masu ranƙwafaffen baya da ba su jin ciwon kome, akwai kuma masu tafiya a miƙe da ciwo ya hana su barci. Wanda ya ƙame kamar soja awa 3, shi ma zai gaji. Sunkuyawa ba laifi ba ce, gama an yi baya domin ya lanƙwasa. Laifin yana wurin daɗewa a hali guda. Saboda haka ba zan ce maka ka nemi wani zama mai kyau ka dawwama cikinsa ba. Zan ce ka riƙa sāke zama.

Ka fara da wurin aiki

Bari mu ɗauki tela, gama abin da ya shafe shi ya shafi duk mai aikin zaune. Ɗan'uwana, ka zauna gaban kekenka yadda ka saba, ka sa wani ya dube ka daga gefe. Idan kafaɗunka sun ɗago kusa da kunne, bencin ya yi gajarta, ka ɗora katako ko matashi mai tauri. Idan kuwa ka tanƙware kamar baka, bencin ya yi tsawo, ko kuwa ka yi nisa da keken. Matso kusa har cikinka ya kusa taɓa tebur. Abin da a ke so shi ne gwiwar hannu ta rataya kusa da haƙarƙari, ta yi kusan daidai da bisan tebur. Idan bencin ba shi da majingina, ka sa shi jikin bango, domin ka riƙa jingina tsakanin ɗinki da ɗinki.

Sai haske. Sau da yawa abin da ke jan kan tela zuwa ga allura ba lalaci ba ne, duhu ne. Shago yana da ƙofa guda, tela ya ba ta baya, inuwarsa ta faɗi bisa ɗinkin. Juya keken domin haske ya sauka bisa allura. Da dare ka rataye fitila kusa da ita, ba can bisa rufi ba. Akwai kuma abin da mutane ba su so a faɗa musu. Daga wajen shekara 40 idon kowa yakan soma kasa ganin abin da ke kusa. Idan ka ga zura zare cikin allura ya zama yaƙi, ka je a auna idonka. Na san waɗanda tabarau na karatu ya yi wa wuyansu abin da allurai ba su yi ba.

Sa'an nan tashi. Kowane rabin awa ka miƙe tsaye, ko na minti 1 ne. Ka ɗaga hannuwa sama, ka juya kafaɗu baya, ka ja numfashi mai zurfi har haƙarƙari su buɗe. Na san abin da za ka ce: masu kaya suna jira, ina lokacin? To, mu yi lissafi. Minti 1 cikin kowane rabin awa, a yinin aiki na awa 8, minti 16 ne. Ko gaisuwa da maƙwabcin shago ta fi wannan tsawo. Idan ba ka da agogo, ka ɗaura abin ga aikin kansa: duk sa'ad da zaren ƙasa ya ƙare, ka tashi kafin ka naɗa wani. Wata dabara kuma, ka ajiye dutsen guga da teburin yanka nesa kaɗan da keken, inda sai ka taka kafin ka kai gare su. Yaron shago ya daina miƙo maka kome da kome kana zaune. Yana tsammani taimako ya ke yi.

Mai kwamfuta ya ɗora ta bisa littattafai har bakinta na sama ya yi daidai da idonsa. Mai salula ya ɗago ta wajen fuska, ya dafa gwiwar hannu bisa wani abu. Ɗan kabu-kabu, sa'ad da ka ke jiran fasinja, sauka daga babur ka tsaya da ƙafafunka. Manomi kuma, inda ƙasa ta yashi ce, hauya mai doguwar ƙota wadda a ke noma da ita a tsaye ta fi tausayin baya. Inda tilas sai an duƙa, ka miƙe a ƙarshen kowace kunya, ka dafa ƙugu, ka ɗan lanƙwasa baya.

Ke kuma ƴar'uwata

Aikinki ba shi da lokacin tashi, na sani. Duk da haka ki duba abin da za ki iya ɗagawa daga ƙasa. Kwanon wanki, ki ɗora shi bisa kifaffen turmi ko tubali, domin ki rage duƙawa. Tsintsiya, a sa mata ƙota. Idan kina kitso, ki hau kujera, mai kai ta zauna bisa tabarma, domin hannuwanki su sauko. Idan kina ba da mama, ki jingina da bango, ki naɗe zane ki sa ƙarƙashin jariri. Ki kawo shi wurin mama, kada ki kai masa mama a sunkuye. Goyo kuwa, ki ɗaure shi sama, ya manne da jikinki, gama wanda ya zame ƙasa yana jan kafaɗu.

Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Bido mai lita 25 kilo 25 ne, ban da tafiyar. Sawu 2 da rabin kaya ya fi sawu guda da za ki kwana kina nishi. Kada kuma a ɗora wa yarinya ƴar shekara 10 abin da uwarta ta ke ɗauka da ƙyar.

Maigida, wannan magana ta zo wurinka. Matarka ta ce bayanta yana ciwo, ka miƙa mata dala 20 ta sayi ƙwaya, ka ga ka sauke nauyi. Ba ka sauke ba. Kuɗin da ke tafiya wurin ƙwaya kowane mako, da an kai hatsi injin niƙa da shi, ko an biya mai amalanke ya kawo ruwa, da ya fi amfani. Samarin gidanka kuma hannuwansu ba su karye ba. Ni ban ga inda jan guga ya rage wa namiji daraja ba.

Ƙarfafa igiyoyin

Gyaran wurin aiki yana rage nauyi. Amma tsokar da ta yi rauni sai an ƙarfafa ta, babu kuwa ƙwayar da ke yin wannan. Wani zai ce, ni da na ke wuni ina aiki, wane motsa jiki kuma? Ka tuna, aikinka tsokoki kaɗan ya ke mora. Abin da za mu yi yanzu domin mazaunan ne.

Zauna ko ka tsaya, ka dubi gabanka. Ja haɓarka baya, kamar an kawo garwashi kusa da hancinka, ba tare da ka ɗaga kai ko ka sunkuyar ba. Ƙirga 5, ka saki. Yi haka sau 10. Daga nan ka ja allunan kafaɗarka baya da ƙasa, kamar kana so ka matse goriba tsakaninsu. Ƙirga 5, ka saki, sau 10. Waɗannan biyu kana iya yinsu a wurin aiki sau 3 a yini, ba wanda zai ma lura.

Na uku a bakin ƙofa a ke yinsa. Dafa dogaran ƙofa biyu da damatsa, gwiwar hannu daidai kafaɗa, ka taka gaba da ƙafa guda har ka ji ƙirji ya buɗe. Ƙirga 20. Mai aikin sunkuye ƙirjinsa yakan tsuke, wannan yana sake shi.

Na huɗu shi ne babba. Nemi tsohuwar robar cikin tayar keke, ka ratayo ta jikin icce ko ginshiƙin rumfa daidai ƙirjinka. Kama bakinta biyu, ka ja baya har ta miƙe. Sai ka jawo gwiwoyin hannu baya, suna bi ta jikin haƙarƙari, ka tsaya kaɗan, ka mayar a hankali. Yi sau 10 zuwa 15, ka huta, ka sāke, ka huta, ka sāke. Kwana 3 a mako ya isa. Idan ya yi maka sauƙi, ka ƙara ja baya ko ka ninka robar. Ka haɗa da tafiya a ƙasa ta minti 20 ko 30, hannuwa a sake suna lilo.

Kada ka yi kwana 4 ka ce ba ya aiki. Tsoka takan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ka ga bambanci sosai. Ɗan tsami a jiki kashegari ba kome ba ne. Amma idan ka ji suka mai kaifi, ko jiri, ko hannu ya sage, ka dakata ka nemi likita. A manyan asibitoci, irin na Yamai da Maraɗi da Damagaram, akwai ma'aikata da suka koyi wannan aiki na motsa gaɓoɓi, waɗanda a ke ce wa kine. Idan kana da hali, ka je su gwada maka da hannunsu.

Ranar da ciwon ya tashi

Zai tashi wata rana, ko kana yin dukan waɗannan. Tashinsa ba ya nuna wani abu ya karye. Kada ka kwanta mako guda, gama doguwar kwanciya tana ƙara sanƙarar da jiki. Rage aiki kwana 1 ko 2, amma ka riƙa motsi. Tsoma tsumma cikin ruwan zafi, a matse, a gasa wurin minti 15 ko 20. A yi tausa da man kaɗe. Waɗannan suna kawo sauƙi na ɗan lokaci, sauƙin kuwa yana da amfani, domin yana ba ka damar motsawa. Amma kada babban mutum ya hau bayanka da ƙafa, kada kuwa a taka bayan tsohuwa ko kaɗan, gama ƙashinta ba shi da ƙwari kamar dā. Ƙaho da tsaga kuma, abin da na ke tsoro shi ne aska. Askar da ta bi jikin mutum 5 ba a dafa ta ba tana iya ba ka ciwon hanta ko ƙanjamau a madadin ciwon baya.

Farasitamol, mai miligiram 500, babban mutum yana iya shan ƙwaya 1 ko 2, ya bar awa 6 tsakani, kada ya wuce ƙwaya 6 a yini sai da izinin likita. Ibuprofen da diklofenak suna kashe zafi, amma suna cin ciki, suna kuma wahalar da ƙoda, balle ga mai aiki cikin rana wanda ba ya shan ruwa isasshe. A sha su bayan abinci, kwana kaɗan kawai. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, su nisance su. Mai hawan jini ya tambayi likita tukuna.

Yanzu ga tramol. Sunansa na asibiti tramadol, dangin magungunan nan ne masu ƙarfi da ke kama mutum. Wanda likita ya ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne. Wanda ƴan talla su ke yawo da shi bisa tire yakan kai 200 ko 225. Yana rufe bakin ciwo, sai mutum ya yi aikin mutum biyu, tsokar da ke kukan gajiya ya ƙara mata kaya. Bayan ƴan makonni ƙwaya guda ba ta isa. Yana sa faɗuwa irin ta farfaɗiya, idan ya yi yawa yana tsai da numfashi. Muguntarsa kuwa ita ce, ranar da mutum bai sha ba, jikinsa duka ya yi ciwo, gumi ya karyo, barci ya ƙi. Sai ya ce, ka gani, ciwona ya dawo. Ba ciwonsa ba ne, ƙwayar ce ta ke kiransa. Idan kai ne wannan, kada kunya ta hana ka magana, kada kuma ka yanke shi rana ɗaya kai kaɗai. Tafi gidan likita ka faɗi gaskiyar yawan da ka ke sha, domin a rage maka shi sannu sannu.

Akwai wani kaya kuma da ba a gani. Ka lura da mutumin da bashi ya dame shi, ko rumbunsa ya kusa ƙarewa tun damina ba ta faɗi ba: kafaɗunsa a ɗage su ke, haƙoransa a cije. Damuwa tana ɗaure tsoka kamar yadda keken ɗinki ya ke yi, rashin barci kuma yana sa ƙaramin ciwo ya zama babba. Wannan ba ya nufin ciwonka na ƙarya ne. Idan ka ga yakan tsananta lokacin da hankalinka ya tashi, ka sami ɗan'uwa amintacce ka buɗe masa cikinka, ku yi addu'a tare, ku nemi mafita. Wasu kuwa idan ciwo ya daɗe sukan ce jifa ne, su soma zargin maƙwabci ko kishiya. Kafin ka ɓata zumuncin shekara 20, ka ɗaga bencinka da katako guda, ka ba shi wata 2.

Sa'ad da ba gajiya ba ce

Dukan abin da na faɗa domin ciwon da aiki ya kawo ne. Alamarsa ita ce yana ƙaruwa da aiki, yana raguwa da hutu ko sāke zama. Amma akwai cututtuka da ke ɓuya a bayan ciwon baya, waɗannan kuwa roba da ruwan zafi ba su taɓa su.

Babba a ƙasarmu shi ne tarin fuka. Mutane sun san shi a huhu, ba su san yana shiga ƙashin baya ba. Yakan ci ƙashin a hankali, sau da yawa a gadon baya, har ƙashi ya rufta, ƙusumbi mai tsini ya fito, daga baya ƙafafu su shanye. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana wannan cuta tun 1779. Idan ciwon yana wuri guda bisa ƙashin kansa, ba ya lafawa ko da dare, ga zazzaɓin yamma, ga gumin dare, ga rama, ko akwai mai tari a gida, kada ka jira. Mai wannan cuta ba lalle ne ya yi tari ba. Akwai maganinta, ana sha wata 6 ko fiye, idan kuwa aka fara da wuri mutum yakan warke ƙafafunsa lafiya.

Idan ciwo ya zo farat ɗaya, da nauyi a ƙirji, da gumi mai sanyi, da ƙarancin numfashi, ko ya bi hannu ko muƙamuƙi, zuciya ce a ke tsoro. A tafi asibiti a wannan sa'a, ko tsakar dare ne. Haka kuma idan ƙafafu suka soma sagewa ko rauni, ko fitsari ya riƙe, ko ya riƙa zubowa ba da sani ba, gama wannan alama ce wani abu ya danne laka. Wanda ya faɗo daga babur ko icce, bayansa yana ciwo, kada a kai shi wurin mai ɗori kafin a ɗauki hoton ƙashi. Tsohuwar da ciwo ya kama ta nan take bayan ɗan ɗaga kaya, ko aka ga tana ƙara gajarta, a duba ta. Zafi ƙarƙashin allon kafaɗa na dama bayan cin abinci mai maiƙo yana iya zama daga matsarmama. Zazzaɓi da tari da suka wajen jan numfashi kuwa na huhu ne.

Ko babu ɗaya cikin waɗannan, idan ka yi wata 2 ko 3 kana bin abin da ke cikin wannan takarda ba ka ga sauƙi ba, ka tafi gidan likita. Kada ka shiga da cewa allura ka zo a yi maka. Ka tafi da kwalayen dukan magungunan da ka sha, har na ƴan talla. Ka nuna wurin da yatsa. Ka faɗi watan da ya fara, da lokacin da ya fi tsanani, da abin da ke sa ya lafa. Ka kuma faɗa masa sana'arka da yawan awoyin da ka ke yi a kanta, ko bai tambaye ka ba.